Ƙololuwar Amfanin Taki: Yadda Za Ka Gane Buhun da Ya Kamata Ka Tsaya a Kansa

Duk shekara idan damina ta gabato, tambayar da manoma suka fi yi mana ita ce: "Malam, buhu nawa zan zuba a gonata?" Wasu kuma ba sa ma tambaya. Sun riga sun yanke cewa gwargwadon takinka, gwargwadon amfaninka. Da a ce haka ne, da mai kuɗi ya jibge buhu hamsin a hekta ɗaya ya kwashe masarar gari guda. Ka san ba ta yiwuwa. Taki kamar gishiri yake a miya: kaɗan ya gyara ta, madaidaici ya ƙara mata daɗi, idan ya zarce kuma sai a zubar.

To ina ne "madaidaicin"? Wannan tambaya tana da amsa ta lissafi, kuma lissafin bai fi ƙarfin mai biro da takarda ba. A nan za mu ga yadda ake gano wurin da amfanin gona ya kai matuƙarsa, da wurin da riba ta kai tata matuƙar. Wurare biyu ne daban, kuma kuɗin manoma da yawa a tsakaninsu yake salwanta.

Mene ne lanƙwasa, mene ne ƙololuwa?

Idan abu ɗaya ya dogara da wani, kamar yadda amfanin gona ya dogara da yawan taki, ana iya zana dangantakarsu a takarda. Ka ja layi a kwance, ka jera yawan buhunan taki a kansa: 0, 1, 2, 3, har gaba. Ka ja wani layi a tsaye daga hagu, ka jera yawan buhunan hatsin da aka samu. Kowane gwaji sai ka yi masa ɗigo a daidai inda takinsa da amfaninsa suka haɗu. Idan ka haɗa ɗigogin, za ka ga layin bai miƙe ba. Yana hawa da sauri da farko, sai hawan ya lafa, sai ya daidaita, daga nan ya fara gangarowa, kamar ƙwarya da aka kife. Wannan layi shi muke kira lanƙwasa. Wurin da ya fi ko'ina tsayi a kansa shi ne ƙololuwa.

Ga abin da za ka riƙe tun yanzu, don duk hanyoyin da za mu kawo a kansa suka tsaya: a ƙololuwa, hawa ya ƙare, gangara ba ta fara ba. Wato ƙarin taki a daidai wurin ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Mai hawa tudu ba sai an gaya masa ya kai sama ba. Idan ya ɗaga ƙafa ya ji babu sauran hawa, ya san ya iso.

Me ya sa amfani ke lanƙwasowa?

Shuka ba sinadari ɗaya take buƙata ba. Tana son naitirojin, da fosfaras, da fotash, da ruwa, da hasken rana, da wurin da saiwa za ta sake. Tun ƙarni na 19 wasu masanan Jamus, Carl Sprengel da Justus von Liebig, suka bayyana cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girman shuka, ko da sauran sun wadata. Ka ɗauka bokiti ne mai huji a gefe. Komai ruwan da ka ɗura, ba zai wuce bakin hujin ba. A 1909 wani Bajamushe, Mitscherlich, ya tsara wannan a lissafi: kowane ƙarin taki yana kawo amfanin da bai kai na ƙarin da ya gabace shi ba.

A gona kuwa ga yadda abin yake. Buhun farko yana samun shuka da yunwa, sai ta cinye shi kusan duka. Na biyu da na uku suna samunta ta ɗan ƙoshi. Daga nan sai wani abu daban ya zama cikas, ko ruwa, ko fosfaras, ko irin da ka shuka ya kai iyakar ƙarfinsa. Idan ka ci gaba da ƙara yuriya, kara zai yi tsawo da laushi, iska ta kwantar da shi, ganye ya yi yawa, nuna ta yi jinkiri. Wani takin ruwa ya wanke shi ya wuce saiwa, wani ya bi iska idan ba a rufe shi da ƙasa ba. Yawan yuriya shekara da shekaru kuma yana ƙara wa ƙasa tsami. An je neman ƙiba an samo rama kenan.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Alƙaluman da ke ƙasa na koyarwa ne, na zaɓe su don lissafin ya fito sarai. Kada ka ɗauke su ka kai gonarka. Mu ce gonar masara ce hekta ɗaya, an ba ta NPK iri ɗaya a farkon shuka, abin da ake sauyawa kawai shi ne yuriyar zubi na biyu. Buhun yuriya kilo 50 ne, buhun masara kilo 100.

- Yuriya buhu 0: masara buhu 12
- Yuriya buhu 1: masara buhu 19
- Yuriya buhu 2: masara buhu 24
- Yuriya buhu 3: masara buhu 27
- Yuriya buhu 4: masara buhu 28
- Yuriya buhu 5: masara buhu 27
- Yuriya buhu 6: masara buhu 24

Hanya ta farko: duba ƙarin, kada ka tsaya a jimla

Yawancinmu jimla muke kallo. Mu ce, "Na zuba buhu huɗu na samu ashirin da takwas, ai taki ya yi aiki." Amma jimla tana ɓoye labari. Abin tambaya shi ne: kowane buhu shi kaɗai, nawa ya kawo? Sai ka cire amfanin layi na sama daga na ƙasa da shi.

- Buhu na 1 ya ƙara masara buhu 7
- Buhu na 2 ya ƙara 5
- Buhu na 3 ya ƙara 3
- Buhu na 4 ya ƙara 1
- Buhu na 5 ya rage 1
- Buhu na 6 ya rage 3

Ka ga inda ƙari ya juya ya zama ragi? Tsakanin buhu na huɗu da na biyar. Nan ne ƙololuwa, wato a buhu 4. Dokar kenan a taƙaice: ka bi ƙarin har inda ya sauka sifili. Wannan hanya ba ta buƙatar komai sai iya ɗebewa.

Ka lura da wani abu kuma. Ƙarin yana raguwa da biyu-biyu: 7, 5, 3, 1. Idan raguwar tana tafiya daidai haka, ko kusa da haka, to lanƙwasar taka mai siffar ƙwarya ce, kuma hanyoyin da ke gaba za su yi maka aiki sosai.

Hanya ta biyu: zane

Ka samu takarda mai gidaje-gidaje irin ta 'yan makaranta. Ka yi ɗigogin nan bakwai, ka haɗa su da layi mai santsi, ba mai karye-karye ba. Sai ka ɗora rula a kwance daga saman takardar, kana sauko da ita sannu a hankali ba tare da ka karkata ta ba. Wurin da ta fara taɓa lanƙwasar shi ne ƙololuwa. Daga nan ka sauko kai tsaye zuwa layin kwance ka karanta yawan takin.

Akwai wata dabara idan saman ya yi faɗi har ido ya kasa tantancewa. Ka nemo wurare biyu, ɗaya a ɓangaren hawa ɗaya a ɓangaren gangara, masu amfani iri ɗaya. A misalinmu buhu 2 da buhu 6 duk sun ba da 24. Tsakiyarsu ita ce 2 a tara da 6, a raba biyu, wato 4. Buhu 3 da buhu 5 ma duk sun ba da 27, tsakiyarsu 4. Wannan dabara tana aiki ne idan ɓangarorin biyu sun yi kama da juna.

Zane ya fi dacewa da taron ƙungiya, domin wanda bai yi boko ba ma yana gani da idonsa inda layin ya daina hawa. Gani ya kori ji.

Hanya ta uku: idan gwaji uku kawai kake da su

Ba kowa ke da halin yin gwaji bakwai ba. Uku ma sun isa a yi ƙiyasi, matuƙar ɗaya ba shi da taki, ɗaya matsakaici ne, ɗaya kuma mai yawa. Mu ce 0, 3 da 6 ka gwada, ka samu 12, 27 da 24.

1. Daga 0 zuwa 3, amfani ya ƙaru da 15. Ka raba da buhu uku: ƙarin 5 a kowane buhu. Wannan adadi na tsakiyar zangon ne, wato buhu 1.5.
2. Daga 3 zuwa 6, amfani ya ragu da 3. Ka raba da uku: ragin 1 a kowane buhu. Wannan na buhu 4.5 ne.
3. Daga ƙarin 5 zuwa ragin 1, an sauko da 6, a cikin tazarar buhu 3. Kenan ƙarin yana sauka da 2 a kowane buhu.
4. To daga 5, buhu nawa ake buƙata ya kai sifili? 5 a raba da 2, wato 2.5.
5. Ka tara 1.5 da 2.5. Ka samu 4.

Ka ga an iso wuri ɗaya, alhali ba a gwada buhu 4 ba sam. Amfanin lissafi kenan.

Hanya ta huɗu: ta aljabara

Wannan ta sakatarorin ƙungiya ce da matasan da suka yi sakandare. Idan ta yi maka nauyi, ka tsallake zuwa gaba, ba ka rasa komai ba.

Ana rubuta irin wannan lanƙwasa haka: y = c + bx − ax². Harafin x shi ne yawan taki, y amfanin gona, c abin da gona ke bayarwa ba tare da takin ba, b ƙarfin hawa a farko, a kuma shi ke lanƙwaso layin. Jadawalinmu na sama ya fito ne daga y = 12 + 8x − x². Ka gwada: idan x ya zama 3, to 12 + 24 − 9 = 27.

Ƙarfin hawa a kowane wuri shi ne b − 2ax. Wannan ƙa'ida daga reshen lissafin da ake kira kalkulas take, kuma tun a ƙarni na 17 Bafaranshe Pierre de Fermat ya yi amfani da irin wannan tunani wajen gano ƙololuwa. Tun da mun ce a ƙololuwa hawa sifili ne, sai mu ce b − 2ax = 0, wanda ya ba mu:

x = b ÷ 2a

A misalinmu b = 8, a = 1, kenan x = 8 ÷ 2 = 4. Ka mayar da 4 cikin lissafin: 12 + 32 − 16 = 28. Sharaɗi ɗaya: dole alamar da ke gaban ax² ta zama ta ɗebewa. Idan ta tarawa ce, ƙwaryar ba a kife take ba, abin da ka samo gindin rami ne. Mai kwamfuta ko babbar waya zai iya shigar da alƙalumansa a Excel ko Google Sheets, su zana layin su fitar masa da a, b da c.

Ƙololuwar riba: wannan ita ce taka

Yanzu mun zo inda maganar take. Buhu 4 shi ya fi cika rumbu. Amma shi ya fi cika aljihu? Taki ba kyauta ba ne, don haka kowane buhu sai ya biya kuɗinsa.

Mu ɗauki farashi na misali. Buhun yuriya, haɗe da kuɗin mota da ladan masu zubawa, ya tsaya maka naira 45,000. Buhun masara, bayan ka cire kuɗin girbi, sussuka, buhu da dako, ya bar maka naira 30,000. Kenan sai buhun taki ya kawo masara buhu ɗaya da rabi kafin ya mayar da uwar kuɗi. Mu duba:

- Buhu na 1: ya kawo naira 210,000, ya ci 45,000
- Buhu na 2: ya kawo 150,000, ya ci 45,000
- Buhu na 3: ya kawo 90,000, ya ci 45,000
- Buhu na 4: ya kawo 30,000, ya ci 45,000

Buhu na huɗu ya ƙara maka masara, gaskiya ne, amma ya ci maka naira 15,000. Idan ka tsaya a buhu 3, abin da zai rage bayan cire kuɗin yuriya naira 675,000 ne. A buhu 4 ya sauko 660,000. A buhu 6 kuwa 450,000 ne, ƙasa da na wanda ya zuba buhu ɗaya tak, mai 525,000.

Dokar ta ɗan sauya kenan. Don ƙololuwar amfani, ka bi ƙarin har ya kai sifili. Don ƙololuwar riba, ka bi shi har ya kai daidai kuɗin takin, sai ka tsaya. A aljabara, idan r shi ne farashin buhun taki a raba da farashin buhun hatsi, to x = (b − r) ÷ 2a. A nan (8 − 1.5) ÷ 2 = 3.25, wato buhu uku da kwata. Da hanya ta uku ma haka za ka samu: daga 5 zuwa 1.5 an sauko da 3.5, a raba da 2 ya zama 1.75, a tara da 1.5 ya zama 3.25.

Abubuwa uku suka fito daga nan.

Na farko, muddin kuɗi kake saya, ƙololuwar riba kullum tana zuwa kafin ƙololuwar amfani.

Na biyu, tana motsi da kasuwa. Idan taki ya yi tsada ko masara ta faɗi har r ya kai 2, sai ta koma buhu 3. Idan an samu taki mai rangwame r ya sauko 1, sai ta matsa buhu 3.5. Shi ya sa adadin bara ba lallai ya dace da bana ba, ko da gonar ɗaya ce.

Na uku, saman lanƙwasa faffaɗa ne. Tsakanin buhu 3 da buhu 3.25 bambancin ribar bai kai naira 2,000 ba. Don haka kada ka takura kanka kan rabin buhu. Kuma idan za ka kuskure, gara ka kuskure ta ƙasa, domin noman damina ba shi da tabbas. Ruwa na iya ɗaukewa, tsutsa na iya shiga. Saboda irin wannan ne masana tattalin arzikin noma da yawa suke ba ƙaramin manomi shawarar kowace nairar da ya sa a taki ta dawo da aƙalla biyu. A misalinmu buhu na 3 ya cika wannan sharaɗi daidai. Idan kuma bashi ka ci, ka haɗa abin da za ka biya a kai cikin kuɗin takin tun farko.

Idan takin bai isa ba

Galibin manomanmu matsalarsu ba yawan taki ba ce, ƙarancinsa ne. A nan ma lanƙwasa tana da abin cewa. Mu ce kana da gonaki biyu masu hali ɗaya, hekta ɗai-ɗai, da yuriya buhu 4 kawai.

- Ka zuba 4 a ɗaya, ka bar ɗayar: 28 da 12, jimla 40
- Ka zuba 3 da 1: 27 da 19, jimla 46
- Ka zuba 2 da 2: 24 da 24, jimla 48

Taki ɗaya, bambancin buhu 8. Dalili kuwa shi ne buhunan farko su suka fi ƙarfi. Na taɓa ganin haka a wata ƙungiya da nake kula da ita. Sun samu taki na bashi, manyan cikinsu suka kwashi kaso mai tsoka, wasu mambobi suka tashi hannu biyu. Da kaka gonakin manyan sun yi kyau a ido, amma da aka zo biyan bashin, ƙungiyar ta sha wuya. Ku shugabannin ƙungiya, duk lokacin da buhu ɗaya ya rage a rabo, ku tambayi kanku: a wace gona zai kawo ƙari mafi yawa? Can ya kamata ya je. Sau da yawa gonar da ba ta samu ba ce, in dai tana da iri mai kyau kuma an yi mata noma.

A kan wannan tunani aka gina dabarar zuba taki kaɗan a gindin shuka, wadda cibiyar ICRISAT da abokan aikinta suka yaɗa a yankin Sahel, har da tasharta ta Sadoré kusa da Yamai a Nijar. Ana sa ɗan taki, kimanin giram 2 zuwa 6 gwargwadon nau'insa, a kowane rami na gero ko dawa. Manomin da ba shi da hali yana cin moriyar farkon lanƙwasa, inda hawa ya fi tsanani.

Yadda za ku samo alƙaluman gonarku

Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a yankin savanna na arewacin Najeriya ita ce kimanin kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras da 60 na fotash a hekta. Wato wajen buhu 8 na NPK 15-15-15 da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya, wadda ke ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100. Wannan mafari ne mai kyau, amma na yanki ne baki ɗaya. Jigawa da fadama ba ɗaya ba ne, gonar da ke samun takin gida da wadda ba ta samu ba ma haka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

1. Ku zaɓi wuri mai ƙasa iri ɗaya, nesa da inuwar bishiya, tsohuwar makwantar shanu, juji da suri.
2. Ku auna filaye huɗu, kowanne mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Ku bar kunya ɗaya ko biyu a tsakani.
3. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, tazara ɗaya, NPK ɗaya, noma ɗaya. Yuriya kaɗai za a bambanta.
4. Irin wannan fili kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta. Rabin kilo a fili daidai yake da buhu ɗaya a hekta. Ku sa kilo 0, 1, 2 da 3, wato buhu 0, 2, 4 da 6 a hekta.
5. Ku zuba yuriyar mako 4 zuwa 6 bayan shuka, lokacin da ƙasa ke da danshi, ku rufe ta da ƙasa.
6. Ku kafa alama a kowane fili, ku rubuta a littafi ranar da aka zuba.
7. Da kaka ku girbe kowane fili daban, ku shanya su su bushe daidai da juna, ku sussuke, ku auna a sikeli. Kada a yi amfani da mudu, don cikawar wani ba ta wani ba ce.
8. Kowane kilo ɗaya daga fili daidai yake da buhu ɗaya mai kilo 100 a hekta. Idan fili ya ba da kilo 24, hekta za ta ba da buhu 24.

Gwaji ɗaya a gona ɗaya na iya yaudara. Abin da ya fi shi ne mambobi huɗu ko biyar su yi, kowa ya sauya jerin filayensa, a tara sakamakon kowane mataki a raba da yawan gonakin. A maimaita shekara biyu ko uku, don a ga damina mai kyau da maras kyau. Malaman gona na jiha, da cibiyoyi irin su IAR da NAERLS da ke Samaru, Zariya, su ne wuraren neman bayani kan irin da ya dace da yankinku da takin da yake so.

Kurakuran da ake yawan yi

*Ɗaukar mataki na ƙarshe a matsayin ƙololuwa.* Idan filin da ya fi taki shi ya fi amfani, kuma ƙarin bai kusa sifili ba, to ba ku kai ƙololuwa ba, gwajin ne ya ƙare. Kada kuma ku yi hasashe nesa da inda kuka gwada.

*Zaton kowace lanƙwasa ƙwarya ce.* A gonaki da yawa amfani yana hawa ne ya daidaita, ya yi ta tafiya a miƙe kafin ya gangaro. A irin wannan, dabarar tsakiya da x = b ÷ 2a kan kai ka gaba da inda ya kamata. Ka koma hanya ta farko, ka tsaya inda ƙari ya daina biyan kuɗinsa.

*Ganin babu hawa sam, a ce a ƙara taki.* Idan filayen huɗu duk sun yi kusan daidai, hujin bokitin yana wani wuri. Ka duba tsamin ƙasa, ƙarancin fosfaras, ƙuduji, kwanciyar ruwa, ko ingancin takin da aka sayar maka. A irin wannan gona, ƙololuwar riba na iya zama buhu sifili har sai an gyara matsalar.

*Auna kyan ganye.* Filin da ya fi taki kusan kullum shi ya fi kore. Sikeli za ka tambaya.

*Lissafi da farashin bazara alhali da kaka za ka sayar.* Ka yi amfani da farashin lokacin da za ka fitar da hatsin da gaske.

*Ɗora sakamakon masara a kan wake ko gyaɗa.* Kowane amfani da tasa lanƙwasar. Wake, gyaɗa da waken suya suna samar wa kansu naitirojin daga iska, fosfaras suka fi buƙata.

Ba taki kaɗai ba

Wannan lissafi yana aiki a duk inda ƙari ke taimakawa har wani mataki sannan ya juya. Yawan shuka misali ne. Masara a tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin shuka, tsiro ɗai-ɗai, tana ba da kimanin tsiro 53,000 a hekta. Idan ta yi ƙasa da haka sosai an bar fili banza, idan ta cushe kuma zangarniya ta ƙanƙance. Haka ban ruwa yake a noman rani. Haka kiwon rago yake: akwai makon da kuɗin dusa da harawa ke fara fin ƙimar naman da yake ƙarawa. Ajiyar hatsi don jiran farashi ma haka take. A kowanne, tambayar ɗaya ce: wannan ƙari na ƙarshe, nawa ya ci, nawa ya kawo?

Kafin ku sayi takin bana, ku zauna da biro. Ku rubuta abin da buhun taki zai tsaya muku har gona, da abin da buhun hatsi zai bar muku da kaka, ku raba na farko da na biyu. Adadin da ya fito shi ne ma'auninku. Duk buhun da ba zai kawo hatsin da ya haura haka ba, a bar shi a shago ko a kai shi gonar da ba ta samu ba. Sannan ku ware filayen gwajin nan huɗu tun ranar shuka, don baɗi ku yi lissafi da alƙaluman gonarku. Allah ya ba mu damina mai albarka.